Injiniya Ya Gasa Farantin Sola

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin makarantar da ta mai da mai haɗa tagogi injiniya. Shi da kansa ya rubuta INJINIYA da jan fenti a saman ƙofar shagonsa, mutane suka yi musu har suka gaji, suka bar masa sunan. Aikinsa yanka alminiyom da gilashi, kuma tsakani da Allah ya iya, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. In aka yi maganar jirgin sama, zai ce ai firam ne da gilashi, sai ɗan inji a baya.

Shagon yana ƙasan gidansu ne. A sama matarsa, Maman Biyu, take sana'ar ƙanƙara. Tana da babbar firiza guda, da farantan sola uku a kan rufin siminti inda take shanya. Da firizar nan ake ci a gidan, don taga sai an yi sabon gini ake tunawa da ita.

Ana nan sai hukuma ta fito da sabuwar doka. Ta ce makarantu da asibitoci da duk wani aikin gwamnati ba za su ƙara sayen farantin sola ba sai wanda aka haɗa a cikin ƙasa, na waje kuma aka lafta masa haraji. Farashi ya tashi sama. Masana'antar da ke haɗawa a ƙasar ba ta iya biyan buƙatar kowa, duk wanda ya je sai a ce ya jira. Yayan Maman Biyu, wanda ke da shagon sola a bakin titi, ya wayi gari shagonsa fayau, sai wayoyi da ƙwan fitila.

A shagon aski maganar ta taso. Yaya Mai Sola na zaune a benci yana jiran layi, yana ƙorafi.

"Kayana sun maƙale a tashar jiragen ruwa, masana'anta ta ce in dawo. Mutane na zuwa da kuɗinsu ina ba su haƙuri."

"Matsalarku ke nan 'yan kasuwa, Yaya," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Ku dai saye da sayarwa. An ce a ƙera, kun zauna kuna kuka."

"To kai ƙera mana."

"Mene ne farantin sola? Firam ne da gilashi. Wa ke yin firam da gilashi a layin nan?"

"Abin da ke tsakiyar fa?"

"Na tsakiyar ai shi ne mai sauƙin. Rana ce ke yin duk aikin, ita kuwa ba daga waje ake shigo da ita ba."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Allah ya ba ƙanwata haƙuri."

"Zai ba ta mota dai. Ka bar min gaban shagonka a share, kai zan naɗa babban dillali."

Mai aski yana da ƙaramin faranti guda a saman rumfarsa, shi ke juya masa kilifa da fanka. Bayan an watse Injiniya ya ja shi gefe.

"Ba ni naka in raba shi biyu. Da zarar na yanka shi a shagona na yi masa sabon firam, ya zama haɗin gida. Rabi ya ishe ka aski, rabi mu sayar wa makaranta."

"Yana rabuwa kuwa?"

"Gilashin da na yanka a duniya ya fi gashin da ka aske."

Mai aski mutum ne mai saurin yarda, musamman in an ambaci riba. Aka sauko da faranti aka shimfiɗe a teburin Injiniya. Ya cire firam, ya ɗora ma'auni, ya kira masu wucewa su zo su shaida. Ya danna abin yankan gilashi ya ja layi, gilashin ko gezau. Ya ƙara dannawa. Ya ɗauko ƙaramar guduma ya ɗan ƙwanƙwasa gefen. Sai aka ji tas. Gilashin farantin ba irin na taga ba ne, bai rabu biyu ba, gaba ɗaya ya tsattsage ya koma kamar dakakken sukari, yana manne da juna.

Mai aski ya dafe kai.

"Kada ka taɓa," in ji Injiniya. "Abin da nake nema ke nan. Dā rana ta ƙofa ɗaya take shiga. Yanzu dubi ƙofofin da na buɗe mata."

Aka mai da farantin saman rumfa, kuma abin mamaki, kilifa ta tashi. Injiniya ya bi layin shago shago yana ba da labari. Ya samo wani tsohon allo ya rubuta MASANA'ANTAR SOLA TA GIDA, ya rataya a ƙarƙashin sunansa.

Bai kwana da yawa yana jin daɗin ba aka yi ruwan sama. Ruwa ya bi ƙofofin da ya buɗe wa rana ya shige. Washegari Yaya Mai Sola na kan kujera, an aske masa gefen dama tas, sai kilifa ta yi ɗan tari ta mutu. Mai aski ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya buga ta a tafin hannu. Shiru.

Yaya ya fito titi da ƙyallen aski a wuya, rabin kai na sheƙi, ya tsaya a ƙofar Injiniya.

"Faranti ya ƙi rabuwa biyu, amma ga kaina ka raba."

"Wannan laifin kayan waje ne, Yaya. Ba su san ruwanmu ba. Shi ya sa aka yi dokar."

"Dokar ce ta ba ka guduma?"

"Ka sa hula. Nan gaba da farantina za a yi maka aski har da gemu."

Tunda na waje ya ci amanarsa, Injiniya ya yanke shawarar ƙera nasa tun daga tushe. Dokar ta yarda a shigo da ƙwayoyin sola, wato 'yan fallayen nan shuɗaye da ake jerawa a cikin gilashi, muddin a ƙasar za a haɗa su. Ya yi waya, aka kawo masa kwali guda. Bai taɓa sanin haka suke da rashin ƙwari ba, sun fi ɓawon ƙwai laushi. Ta farko da ya ɗauka ta ɓare a yatsunsa. Ta biyu ya kama ta da hannu biyu, ta ɓare gida uku. Ya jera wasu a tebur da kyar, atishawa ta kama shi, suka bi iska suka sauka a ƙasa.

Ana cikin haka mai biredi, maƙwabcinsa na hagu, ya shigo ganin masana'anta. Mutum ne mai jiki, ya gaji da tsayuwa a gaban wuta, ya hango kwali a gefe ya zauna. Ƙarar da ta fito kamar an taka busasshen ganye.

"Me na zauna a kai?"

"Rabin jarina," in ji Injiniya, sai kuma ya gyara murya. "Ba komai. Ai dama gwajin nauyi ya rage ban yi musu ba."

Da abin da ya tsira ya haɗa faranti guda. Ya liƙa ƙwayoyin da dalma, masu ɓaraka ya juya su ta inda ba a gani. Saura a manne su da gilashi, aikin da a masana'anta wani inji mai zafi ke yi da wata roba ta musamman. Injiniya ya hau sama ya yaye ledar teburin cin abinci, mai zanen furanni, ya shimfiɗa a bayan ƙwayoyin. Zafi kuwa, ga shi nan a maƙwabta, a obin, wato murhun gasa biredi.

"Obin ɗina na biredi ne," in ji mai biredi.

"Har yaushe za ka zauna ana ce maka mai biredi? Daga yau kai ne Shugaban Sashen Gashi. Zan sa a allo."

"Da manyan baƙi?"

"Da jan fenti."

Bayan an kwashe biredin safe aka zura faranti a obin. Mai biredi ya tambayi minti nawa, Injiniya ya ce sai ya yi ƙamshi. Ƙamshin da ya fito ya kori kajin layin. Da suka jawo shi ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ga ƙuraje duk jikinsa, furannin ledar sun leƙo ta tsakanin ƙwayoyin.

"Ya ƙone," in ji mai biredi.

"Ya nuna. Lanƙwasar kuma da gangan ce, don ya tara rana a tsakiya kada ta zube."

Biredin yamma ya fito da warin roba. Mata suka riƙa dawowa da shi a leda, wata tsohuwa ta ce jikanta ya tambaya ko takalmi aka dafa. Mai biredi ya zo yana huci, Injiniya ya nuna masa allo, inda sunan muƙaminsa bai gama bushewa ba. Ya karanta, ya sake karantawa, ya koma shagonsa yana gunaguni ƙasa-ƙasa.

Washegari, rana na tsaka, Injiniya ya rufe ƙofa ya gwada farantinsa ta tagar baya. Ya haɗa shi da fanka. Fanka ta ɗan motsa kamar mai barci ya juya, ta tsaya. Ya haɗa ƙwan fitila, sai da ya rufe shi da tafin hannu ya leƙa sannan ya ga ɗan ja-ja.

Abin da ya sa gumi ya keto masa shi ne, tun kafin ya gasa farantin ya riga ya je ofishin da ke ba masana'antu shaida, ya cika su da surutu har suka ce za su turo jami'a ta duba. Ya kuma gayyaci layin gaba ɗaya bikin buɗewa. Gobe ne.

Ya zauna yana neman mafita. Can ya ɗaga kai ya dubi silin. Maman Biyu ta tafi kasuwa. Ya ɗauki doguwar waya ya hau rufi, ya cire farantanta biyu daga layin batir, ya haɗa su da wayarsa, ya zuro ta ta cikin bututun ruwan sama har bayan teburinsa.

"Aro ne na yini ɗaya," ya gaya wa kansa. "Ƙanƙara ai ta saba da sanyi, za ta riƙe."

Washegari aka jera kujeru a ƙofar shago. Injiniya ya aro farar riga a wurin mai kemis, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ya kafa farantinsa a kan tebur yana kallon rana, fanka a gefe, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Mai aski ya zo da fatan za a ba shi sabon faranti. Mai biredi ya zauna a gaba, a matsayinsa na shugaban sashe. Yaya Mai Sola ya zo da hula ya tsaya a baya.

Jami'ar ta iso a kan lokaci, mace mai tabarau da ƙarancin magana. Ta zagaya farantin, ta sunkuya ta shinshina.

"Me ya sa yake warin biredi?"

"Alamar kamfani ce, ranki ya daɗe. Ko makaho ya san namu."

"Ina injinan?"

Injiniya ya nuna mai biredi. Mai biredi ya miƙe ya gaishe ta.

Ta buɗe jaka ta fito da mita za ta auna wutar. Injiniya ya tare ta da hannu.

"Ranki ya daɗe, wannan mitar a ina aka ƙera ta?"

"A waje."

"To kin gani. Kayan waje ba za su yi wa na gida adalci ba. Akwai hassada."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kunna fankar."

Ya danna. Fanka ta tashi da ƙarfi, jan ƙyalle ya miƙe, aka yi tafi. Mai aski har da rungumar na kusa da shi.

A daidai lokacin Maman Biyu ta buɗe firizarta a sama. Ƙanƙarar da masu sayar da lemo ke jira ta koma ruwa. Kifin da wata mai gidan abinci ta ba ta ajiya yana iyo a ciki, kamar ya dawo da rai, ga wari. Ta tsamo bargon da take lulluɓe ƙanƙara da shi, sharkaf, ta hau rufi don ta shanya shi, ta kuma duba abin da ya sami farantan. Nan ta ga baƙuwar waya. Ta bi ta da ido har bakin bututu, ta leƙa ƙasa, ta ga taro, ta ga mijinta cikin farar riga, ta ga fanka na juyawa da wutarta. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta riƙe bargon da hannu biyu, ta tsaya inda take ganin kowa ba a ganinta.

A ƙasa jami'a ta ɗauki wani faffaɗan kwali ta rufe farantin Injiniya ruf. Fanka ta ci gaba da juyawa.

"Na rufe shi," in ji ta. "Me ya sa ba ta tsaya ba?"

"Yana ajiye rana a cikinsa, kamar soso. Na waje ba sa yin haka."

Ta ɗauke kwalin, rana ta haske farantin. A sama Maman Biyu ta shimfiɗa bargo a kan nata. Fanka ta rage gudu, ta rage, ta tsaya cak.

Injiniya ya danna makunni, ya sake dannawa. "Rana ta yi masa yawa. Ya ƙoshi. Ko ke in kin ƙoshi ai kina ɗan hutawa."

Jami'a ta mai da kwalin. Maman Biyu ta janye bargo. Fanka ta tashi.

Jami'a ta ɗauke, fanka ta mutu. Ta rufe, fanka ta tashi. Mutane suka fara matsowa. Wani dattijo ya ce a sake, bai gani da kyau ba, aka sake masa.

"Wato farantinka sai a inuwa yake aiki," in ji jami'a.

"Shi ne sabon abin da na kawo. Na cikin ɗaki ne. Kowa na yin na rana, wa ya tuna da masu zaman inuwa?"

Yaya Mai Sola ya ratso taron. Ya sa hannu ya ɗauki farantin gaba ɗaya, wayoyinsa biyu na lilo ba su haɗe da komai ba, ya tsallaka titi da shi, ya jingine a jikin shagon mai kemis. Fanka na ta aikinta.

"Daga nan ma yana kamawa, suruki?"

Injiniya ya gyara wuyan rigarsa. "Ai ba ya buƙatar waya. Na so in ɓoye wannan sai an ba ni shaida, don masu satar fasaha."

Sai murya ta sauko daga sama, a natse.

"Baban Biyu, yanzu a kashe ko a kunna?"

Kowa ya ɗaga kai. Ga Maman Biyu a bakin rufi da bargo a hannu.

"Ki shiga ciki, muna da baƙi."

"Baƙuwar nake wa aiki. Ranki ya daɗe, kalli nan." Ta juya ta rufe, fanka ta mutu. Ta buɗe, ta tashi. "Tun ɗazu ni ce masana'antar."

Dariya ta ɓarke har masu shaguna na can ƙarshen layi suka fito. Jami'a ta zagaya bayan tebur, ta kama wayar ta ja, bututun ruwa ya yi ƙara tun daga sama.

"Wannan layin gwaji ne," in ji Injiniya. "Kowace masana'anta tana da..."

Bai ƙarasa ba Maman Biyu ta murɗe bargon a saitin kansa. Ruwan kifi ya sauko masa a ka, ya bi wuya, ya jiƙe farar rigar. Mai kemis ya ce a bar wa Injiniya rigar, ya yafe. Kuliyoyi biyu suka fito daga ƙarƙashin wata mota suka zauna a gabansa.

Jami'a ta mai da mitarta jaka. "Babu shaida. In kana son koyon haɗa faranti, masana'anta na ɗaukar masu koyo. Kai kuma," ta dubi mai biredi, "zan gaya wa masu duba abinci su leƙo obin ɗinka."

"Ni ba shugaban komai ba ne," in ji mai biredi da sauri. Ya je ya kankare sunan muƙaminsa daga allo da murfin kwalba.

Ranar ba a tashi ba sai da aka yi zama a falon Maman Biyu, a kan tebur marar leda. Yaya ya hau ya mai da farantan kan layin batir. Aka yanke cewa Injiniya zai je da ƙafarsa ya ba mai gidan abinci haƙuri a kan kifinta, zai kankare obin da hannunsa, kuma ba zai ƙara taka rufin gidan ba ko da gobara ake yi. Saura mai aski, wanda ya koma almakashi da reza, abokan cinikinsa na gudu saboda zafi, sabon faranti kuma babu shi a kasuwa.

"Sai kayana sun fito," in ji Yaya. "Kafin nan a samo masa fanka."

Duk suka juya suka dubi Injiniya.

Tun daga ranar, duk wanda ya shiga shagon aski zai tarar da shi tsaye a bayan kujera da faffaɗan kwali, yana yi wa mai aski da wanda ake wa askin fifita. Bakin dai bai mutu ba. Yana fifitar yana bayanin cewa hukuma ba ta shirya wa irin fasaharsa ba, kuma akwai wasu manya da suka yi masa waya ba zai faɗi sunansu ba.

Wata rana da azahar Yaya Mai Sola ya zo gyaran fuska. Ya zauna ya miƙe ƙafa ya lumshe ido.

"Ƙara lamba, suruki. Sa ta a uku."

Injiniya ya ƙara ƙarfi. Can sai iska ta ɗauke. Yaya ya buɗe ido ya ga surukinsa ya zauna a benci, kwalin a cinya, yana shan ruwa.

"Lafiya? Wa ya kashe ka?"

Injiniya ya nuna waje da haɓa. "Girgije ya rufe rana, Yaya. Sai ta fito."